Yadda Ake Haɗa Wasan Zaɓaɓɓu a Karkara Har Masu Neman 'Yan Wasa Su Zo

Ni malamin motsa jiki ne a wata ƙaramar sakandare tsakanin Gumel da Maigatari, kuma ni ke riƙe da kulob ɗin samarin garinmu. Wannan rubutu na 'yan'uwana kociyoyin ƙauye ne, masu sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu. Kowannenmu yana da yaro ɗaya ko biyu da ake cewa "da a birni yake, da tuni Pillars sun ɗauke shi". Maganar a bakin fili take ƙarewa. Yaro ya tafi cirani, ya dawo da damina ya kama fartanya, kafin shekara uku ƙafa ta yi nauyi. Babu mai neman 'yan wasa da zai ƙona mai yana bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya don ya ga yaro guda. Amma in kun tara masa gwanayen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a fili ɗaya, to zuwan ya biya shi.

Dabarar ta Amurkawa ce, kuma sun daɗe suna cin moriyarta. A can, mai son zama ƙwararre a irin ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita, ana sanye da hular kwano, jami'a yake fara yi wa wasa. Duk watan Afrilu kulob 32 na NFL, babbar gasar ƙwararrunsu, sukan zauna su rabe sabbin 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i, bi da bi, zagaye 7, kuma kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. Mutum 250 da 'yan kai kacal ake ɗauka cikin dubbai. Kafin wannan zama ne ake haɗa wasannin zaɓaɓɓu: a kwaso gwanayen jami'o'i daban-daban, a raba su gida biyu, su kara a gaban masu saye. Akwai East-West Shrine da ake yi tun 1925, wanda ribarsa ke tafiya asibitocin yara. Wanda ya fi suna shi ne Senior Bowl, da aka fara a 1950 a jihar Fulorida, a 1951 ya koma garin Mobil na jihar Alabama, yana nan har yau, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. 'Yan ƙwallon kwando ma suna da nasu a Portsmouth ta jihar Bajiniya, inda ake gayyatar mutum 64 duk Afrilu.

Wanda irin wannan wasa ya fi yi wa rana shi ne ɗan ƙaramar makaranta da ba a nuna wasanta a talabijin. Ɗan ƙasarmu Christian Okoye, mutumin Enugu, jifan faifai ne ya kai shi wata ƙaramar jami'a a Kalifoniya mai suna Azusa Pacific, bai ma fara ƙwallon tasu ba sai 1984. Aka gayyace shi Senior Bowl na 1987, ya ci sau huɗu a wasan, kulob ɗin Kansas City Chiefs ya ɗauke shi a zagaye na biyu, a 1989 kuma babu wanda ya kai shi gudu da ƙwallo a duk gasar, yadi 1,480.

Sai dai abin da nake so mu ɗauka daga gare su ba wasan ranar Asabar ba ne. 'Yan wasa tun farkon mako suke sauka a Mobil. A auna tsawonsu da nauyinsu har da tsawon hannu, a yi kwana uku ana atisaye masu saye na tsaye a gefen fili da littafi, da dare kuma a zauna da yaro a yi masa tambayoyi. Da yawa cikin baƙin kafin ranar wasan ma sun kama hanyar gida, sun riga sun ga abin da suka zo gani. Mu kuwa mukan zuba duk ƙarfinmu a kan rumfa da makaɗa da babban baƙo, mu bar kwanakin da ake sayen yaro a cikinsu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A nan ba mu da zaman rabon 'yan wasa irin nasu. Matakala gare mu: makarantun horar da yara, sai gasar NLO ta rukuni na uku, sai NNL ta rukuni na biyu, sai NPFL, babbar gasar ƙasa. Saboda haka kada ku sa wa yaranku Turai a rai tun daga ƙauye. Ahmed Musa ma JUTH ta Jos ya yi wa wasa, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. In wasanku ya kai yaro biyu wani kulob mai rajista a Kano ko Dutse, kun ci riba.

Lokacin da ya dace

Hutun makaranta na Disamba. An shigar da gero da wake, samari ba su gama watsewa cirani ba, rana kuma ba ta yi zafin bazara ba. Ku duba kada ya faɗo cikin azumi. Ni na fi son Litinin zuwa Laraba: Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, rabin yaranku suna can suna kora dabbobi ko dako, Asabar da Lahadi kuma kociyoyin birni suna da wasanninsu. Litinin awo da takardu, Talata atisaye safe da yamma, Laraba wasa. A take wasan da an sallame La'asar, don rana da wuri take faɗuwa a hunturu.

Zaɓen yara, inda zumunci yake lalacewa

A nan ne yawancin irin wannan shiri yake mutuwa. Ku tsayar da adadi tun kafin a ambaci sunan kowa: yara 36, gida biyu, kowane gida 18. Ku kuma tsayar da shi bisa gurbi: gola huɗu, 'yan baya goma sha biyu, 'yan tsakiya goma sha biyu, 'yan gaba takwas. In ba ku yi haka ba za ku tashi da masu buga lamba tara har mutum goma sha biyar da mai tsaron baya na hagu guda ɗaya, don a ƙauye wanda ya ci ƙwallo kaɗai ake tunawa da shi. Baƙon kuwa sau da yawa ɗan baya mai ƙafar hagu ko gola dogo yake nema, masu cin ƙwallo sun yi masa yawa a birni.

Doka ɗaya ce take tsare mutuncin kowa: koci ba ya zaɓar yaronsa. Kowane koci ya rubuta sunayen yaran da suka fi ba shi wahala daga sauran garuruwa a gasar kaka, a haɗa takardun, wanda sunansa ya fi fitowa ya shiga. Za ku sha mamaki yadda sunaye suke haɗuwa. Ɗan tsakiyar da mutanen garinsu ba sa yi wa kirari, sai ka ga duk kociyoyin da suka kara da shi sun rubuta shi.

Sannan za a zo muku da ɗan kansila, da ƙanen sakataren kwamiti, da ɗan Alhajin da ya saya muku jesi. Kada ku aika yaro da amsa, ku je da kanku. Abin da nake faɗa shi ne: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, alherinka ba ma mantawa da shi. Amma in muka tsayar da yaron nan gaban baƙi bai kai ba, sunanka za a ambata, ba namu ba. A bar shi ya ƙara shekara." Wani zai fahimta, wani zai janye jesinsa. Gara ku yi aron riguna. Baƙon da ya ga yara biyar na alfarma a fili ba zai yi muku faɗa ba, zai ci abincinku ya yi godiya, baɗi kuma ba zai ɗaga wayarku ba.

Wajen raba gida biyu, ku gauraya. Kada ku yi Gumel da Maigatari, ko gabas da yamma bisa garuruwa, sai wasan ya koma ramuwar gayya, a karya wani a banza. Ku raba abokan da suka saba da juna. Baƙo yana son ya ga yadda yaro zai yi da mutanen da bai sani ba, don abin da zai tarar ke nan a sabon kulob.

Shekaru da takardu

Wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ya san mai sayen sa ba ya jin rantsuwar dillali, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Haka masu neman 'yan wasa suke da shekaru. Tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu, na'urar MRI, wajen tantance 'yan ƙasa da 17. A 2016 yara 26 ne suka faɗi wannan gwaji a sansanin Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. To in ƙasa guda ba ta tsira ba, takardar rantsuwar kotu da aka yi jiya ba za ta fid da yaronku ba. Ku rubuta shekarun gaskiya. Ɗan shekara 21 yana da kasuwarsa a NLO da NNL, ba sai ya koma 16 ba.

Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da lambar NIN, da takardar gama firamare in akwai. Ku zauna ku gwada su da juna harafi bayan harafi. Matsalarmu a karkara ba ƙarya kaɗai ba ce, har da sakaci: a wannan takarda Muhammad, a waccan Mohammed, a fili kuma Mamman ake kiransa, nan an haife shi 1 ga Janairu, can 10 ga Oktoba. Irin wannan kan hana yaro fasfo ko rajista bayan an riga an so shi. A gyara tun da sauran wata guda.

Ku ma kociyoyi akwai takardar da ta hau kanku: ku yi wa kulob rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ku yi wa yaran rajista a ƙarƙashinsa. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da ba ya cikin rajista ba a san da zamansa ba, ko da shi ya saya wa yaron takalminsa na farko.

Ranar Litinin: awo

Ba ya buƙatar kuɗi. Ku sa tef ɗin birkila a bangon aji ku yi alama da alli, yaro ya tsaya ba takalmi. Sikeli ku aro a asibitin sha-ka-tafi. Amurkawa gudun yadi 40 suke aunawa, mu mita 30 ta ishe mu, a ƙasa mai tauri, mutum biyu riƙe da agogon waya, kowane yaro sau biyu. Duk a zuba a takarda ɗaya: lambar riga, cikakken suna, ranar haihuwa, gurbi, ƙafar da ya fi amfani da ita, tsawo, nauyi, gudu, sai lambar wayar mahaifinsa ko wansa. A buga kwafi da yawa. Kada a ƙara wa kowa ko santimita ɗaya, baƙon zai sake aunawa a wajensa. Lambar da yaro ya sa ranar Litinin ita zai sa har Laraba, kuma ta zama babba a baya. Baƙo ba ya riƙe suna, "lamba shida na masu ja" yake rubutawa.

Ranar Talata

In ɗaya daga cikin baƙin ya yarda, ku miƙa masa usur ya ja atisayen da kansa. A Senior Bowl shekara da shekaru kociyoyin NFL ne ke horar da ɓangarorin biyu. A 2013 kociyoyin Detroit Lions suka yi mako guda da wani ɗan Gana, Ezekiel Ansah, da Afrilu ta zo suka ɗauke shi na biyar a duk ƙasar. Wanda ya ba yaro umarni da bakinsa ya ga yadda ya karɓa, ya fi wanda ya kalla daga rumfa sanin abin da zai saya.

Ku rage zagayen fili, baƙo bai zo kallon gudun fanfalaki ba. Ku yawaita ɗaya-da-ɗaya, ɗan gaba da ɗan baya, kowa na kallo, babu inda za a ɓuya. Sai biyar-biyar a ƙaramin fili da taɓi biyu, sai bugu da ƙafar da ba ta saba ba, sai ƙwallon sama ga 'yan baya da gola. Da dare bayan Isha'i a ba baƙi aji ɗaya da fitila su gana da duk yaron da suke so. Ku gaya wa yaran tun da wuri cewa sunkuyar da kai ladabi ne a gida, amma a nan ana so a ji muryarsu: wane gurbi kake bugawa, me ka fi iyawa, me ke ba ka wahala. Wanda ya ce "ko'ina ina bugawa" ya rage wa kansa daraja.

Fili da waya

Ƙasarmu rairayi ce, kuma rairayi yana ɓoye mai iya ba da ƙwallo, yana fifita mai ƙarfi. Ku nemi fili mafi tauri a yankin ko da ba a garinku yake ba. Wannan ma wata rigimar ce, amma ku daure. A share tsidau da ƙarangiya, a ja layi da toka, a ɗaura raga, a tanadi ƙwallo aƙalla huɗu masu iska daidai. Alƙalin wasa ya zama mai lasisi daga wani gari. Ku gaida dagaci da hakimi tun da wuri, ku sanar da 'yan sanda, 'yan sintiri kuma su ja igiya su tsare 'yan kallo.

Ɗaukar bidiyo kuwa, a ɗora mutum ɗaya a kan rufin mota daidai tsakiyar fili, waya a kwance ba a tsaye ba, da abin caji a aljihu. Ya ɗauki fili da faɗi, kada ya riƙa jawo hoto yana bin ƙwallo. Ku ajiye wasan cikakke. Guntayen da ake yankawa a ɗora musu waƙa na Facebook ne, mai saye yana son ya ga abin da yaro ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa.

Gayyata

Ku bi ta jami'in wasanni na ƙaramar hukuma da hukumar ƙwallo ta jiha, da takarda mai hatimi, sati uku kafin ranar. Ku rubuta wa kociyoyin matasa na Kano Pillars da Jigawa Golden Stars, da kulob ɗin NLO na kusa, da makarantun horar da yara na Kano. Ku tura musu jerin sunayen ta WhatsApp. Kada ku yi shela a gari cewa wane da wane za su zo sai sun tabbatar. Mutum biyu masu ikon cewa "a kawo mana shi" sun fi manyan baƙi ashirin. Masauki da abinci da kuɗin mai, in kun iya, ba laifi. Kuɗin "a duba mana yaronmu" kuwa babu shi.

Abin da za ku gaya wa yaran ranar Laraba

Ku raba wasan kashi uku, minti 30 kowanne, don kowa ya samu aƙalla minti 45. Sakamakon ba shi da amfani, ba kofi ake ci ba.

Ga abin da nake gaya wa nawa. Ka buga gurbinka. Ƙwallon farko da ta zo maka ka bayar da ita cikin sauƙi, ƙirjinka ya sauka. Yanka ɗaya a inda ya dace ya isa; mai yanke mutum uku ya dawo ya sake yanke na farko 'yan kallo yake burgewa, baƙo kuwa ya riga ya ja layi a kan lambarsa. In an ƙwace maka ƙwallo ka bi ta, don a wannan daƙiƙa biyar ɗin ake kallonka fiye da kowane lokaci. Kada ka yi musu da alƙali, kada ka zagi wanda ya ɓata maka fasin, in an canza ka ka fito da gudu ka gaida koci. Kada ka sa sabon takalmi ranar. Ka ci abinci awa uku kafin wasa, ka sha ruwa tun safe ko ba ka jin ƙishi, hunturu yana ruɗi. Ƙwaya kuma, tiramol ko wani abu wai don ƙarin ƙarfi, duk wanda muka gani ya fita daga jerin nan take, kuma ido ba ya ɓoye ta ga wanda ya san aikinsa.

Bayan an tashi

Da zarar bidiyo ya zagaya, za a fara kiran iyaye. Wani zai ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, yana da kulob a Turkiyya ko Dubai, a kawo kuɗin biza da na jirgi kafin Juma'a. Na san gidan da aka sayar da shanun huɗa a kan irin wannan waya, yaron bai wuce wani masauki a Legas ba. Ku tara iyayen tun kafin wasan ku gaya musu abu uku. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wani kulob a ƙasar waje, sai a wasu 'yan yanayi da ba su cika shafar ɗan ƙauyenmu ba. Dokar FIFA ta gwaji ta hana neman kuɗi ko karɓarsu saboda an kai yaro gwaji, ta kuma ce a cike takarda tsakanin kulob da yaro kafin a fara, gwajin ɗan shekara 21 zuwa ƙasa kuma kada ya wuce sati takwas a kulob ɗaya cikin kaka ɗaya. Na uku, ejan na gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma ana iya duba sunansa a shafin hukumar a intanet. Abin da nake ce wa mahaifi shi ne: "Baba, duk wanda ya kira ka, ka ce ya kira koci. In ya ƙi, ka kashe wayar."

Ko kulob ɗin Kano ko Dutse ne ya nemi yaro, a samu takardar gayyata mai suna da hatimi, a san kwana nawa zai yi, ina zai kwana, wa zai ciyar da shi, wa zai biya kuɗin motar dawowa in ba a ɗauke shi ba. Babba ɗaya ya raka shi ranar farko ya ga wurin da idonsa. Kada yaro ya sa hannu a kowace takarda sai mahaifinsa ko wansa yana wurin, an kuma karanta musu ita da Hausa.

Waɗanda ba a kira ba, kada ku bar su haka. Bayan sati biyu ku kira baƙin ɗaya bayan ɗaya ku tambaye su lamba kaza me ya rage masa. Za su faɗa muku, ƙafar hagu ce, ko jinkirin juyawa, ko jiki bai cika ba. Ku rubuta a bayan takardar awon yaron, ku ba shi kwafi kafin ya hau motar cirani, ku riƙe ɗaya a fayil ɗin kwamiti don a gwada da awon baɗi.